Shekarar Da Sani Ya Tafi Garin Laraba

Ranar Laraba ce, bayan la'asar. Ina zaune a mota a gaban wani shagon labule a unguwar Al Asmakh ta birnin Doha, ina jiran matar maigidana ta gama zaɓen yadi, sai waya ta yi ƙara. Da na ga sunan Sani sai na ƙyale ta ta ɗan jima, kamar yadda na saba yi masa, don kada ya zaci jiran kiransa nake yi. Da na ɗauka ba muryarsa na ji ba. Rakiya ce, matarsa.

"Yaya, sai haƙuri. Allah ya yi wa ƙaninka rasuwa da safen nan."

Na yi innalillahi. Ta ce lafiyarsa ƙalau ya fita, yana cikin jera nama a rumfarsa ta kasuwa ya dafe ƙirji ya zauna a ƙasa, kafin motar asibiti ta iso rai ya yi halinsa. Abin da ya fara fita daga bakina bayan haka har yau yana ba ni kunya. Ban tambaye ta halin da take ciki ba, ban tambaye ta jana'iza ba. Cewa na yi, a wane gefen kasuwar ya faɗi? Ta ce kusa da ginshiƙin dutsen nan. Nan take na ga wurin a idona, da matakalarsa, da rufin da aka yi masa, da agogon da yake fuskantarsa, ni da ban taɓa taka ƙasar Ingila ba.

Ku 'ya'yana da ku 'ya'yan Sani, wannan babin naku ne ku duka. Akwai maganar da ake yi a kansa a gida Ɗambatta, wasunku sun ji ta da kunnensu, wasunku sun gan ta a fuskar mutane. Ana cewa ya ƙare rayuwarsa yana yankan alade a ƙasar Nasara. Ƙarya ce. Na san ƙarya ce domin daga bakina ta fito, kuma zan gaya muku yadda aka yi gwargwadon abin da nake iya tunawa.

Mu 'ya'yan mahauci ne. Babanmu da kakanmu duk fawa suka yi, kuma ba a taɓa kama ɗayansu da mushe ko naman da ba a san asalinsa ba. Inna tana alfahari da wannan fiye da komai. Takan ce gidanmu ba sarauta, ba gona mai yawa, amma duk wanda ya ci namanmu zai yi salla hankalinsa kwance. Ni ban ga abin alfahari ba. A makaranta barunje ake kirana, in na zauna a benci sai wani ya toshe hanci ya ce yana jin ƙarni. Nakan dirje hannuna da lemon tsami kafin in tafi aji. Da na ɗan taɓa sakandare sai na gudu Kano na koyi tuƙi, na yi wa raina alkawarin ni da wuƙa har abada. Sani kuwa, wanda na ba shekara huɗu, tun tasowarsa yana gindin Baba. Ba shi da surutu, boko bai shige shi ba, amma in ya ɗora hannu a gadon bayan rago zai gaya maka abin da za ka tarar a ciki kafin a yanka.

Ni na fara zuwa Doha, kuma ni na nema masa hanya bayan rasuwar Baba. Ya samu aiki a shagon naman wani Basudane a unguwar Bin Omran, muka zauna ɗaki ɗaya a unguwar Najma, mu shida a kan gadaje masu hawa biyu. Na kafa masa doka cewa kayan aikinsa ba sa shiga ɗaki, a bakin bene zai cire su ya ƙulle a leda. Na ce saboda sauran mutane ne. Bai taɓa musa min ba.

Ni kuma Allah ya haɗa ni da wani Bature likitan dabbobi, mai duba raƙuman tsere da dawaki. Likita muke ce masa. Shekara goma sha ɗaya ina tuƙa shi, kusan kullum daga Doha zuwa Shahaniya, inda ake tseren raƙuma, mu dawo, hanya miƙaƙƙiya, babu abin kallo sai rairayi da turakun lantarki. Matarsa ta rasu, 'yarsa tana can gida, saboda haka in ya shiga mota ba shi da hira sai ta garinsu. Sunan garin yana karya min harshe, sai na sa masa Garin Laraba, tunda ranar ce kasuwarsu take ci. Ya ji daɗin sunan har shi ma ya koma kiransa haka.

Ƙaramin gari ne, a lissafina bai kai rabin Ɗambatta ba. Amma tun zamanin da, in ji Likita, wani sarkinsu ya rubuta takarda ya ba su izinin cin kasuwa duk Laraba, kuma takardar tana nan a ajiye cikin gilashi. Saboda ita ƙauyukan kewaye ba su da ikon kafa tasu kasuwar, dole su koro tumakinsu su kawo nan. Gashin tumaki ne ya arzuta garin. Fatake sukan zo saye daga ƙetaren teku, da arzikin ne aka gina gadar dutse da wata majami'a da ta fi ƙarfin garin, wadda ya ce ko kowa ya shiga da karensa da kyanwarsa ba za ta cika ba. Daga baya cinikin gashi ya koma manyan birane masu injuna, garin ya yi sanyi. Jirgin ƙasa ya zo ya ɗan farfaɗo da shi, shi ma aka wayi gari an daina. Kasuwar ce kawai ba ta taɓa fashi ba. Ba a fara ciniki sai an kaɗa ƙararrawa a gindin ginshiƙin dutsen da ke tsakiyar fili, kuma a da duk wanda ya sayar kafin ƙararrawa tara ake cinsa. Akwai kuma wani siririn lungu da ake kira layin mahauta, mai kwatami a tsakiya inda jini yake bi a zamanin da. Duk sa'ad da ya zo kan wannan lungun sai in mai da hankalina ga titi. Na riga na gaya masa babana fataucin shanu yake yi.

Na haddace garin nan kamar karatu. Likita yakan gwada ni don nishaɗi, ya ce in na sauko daga gada na yi dama me zan tarar. Sai in ce mai burodi, sai gidan waya, sai tsohon masaukin fatake mai ƙofar da keken doki yake shiga, in jero masa har ƙarshen titi. Ya yi dariya ya ce na fi 'yarsa sanin garinsu. A ɗaki kuwa na dame su da labarin, har Malam Isa, wani mutumin Zangon Kumasi da yake aikin gadi, ya yi min naɗi. Da na shigo sai ya ce:

"A matsa wa Hakimin Laraba. Ranka ya daɗe, yau ma an samu ruwan sama a ƙasarka?"

Ba na jin haushi, domin a raina garin nawa ne. In zafin Doha ya kai inda ko sitiyari ba ya taɓuwa, can nake tafiya in tsaya a kan gada. Wata rana kuma muna tsaye a danja, Likita ya dafa kafaɗata ya ce wata rana sai na zo na gani da idona. A wurinmu in babba ya faɗa wa na ƙasa da shi haka, alkawari ne. Ban san a wurinsu maganar fatar baki ce ba, irin bisimillar da muke yi wa mai wucewa alhali mun san ba zama zai yi ba. Na riƙe maganar nan shekara bakwai. Har rigar sanyi na saya a gwanjon Najma na ajiye a ƙasan akwati.

A shekarar da zai ajiye aiki, gab da Kirsimeti, ya so ya dafa wa abokansa wani yankan rago irin na garinsu, haƙarƙari biyu da ake fere bakin ƙasusuwan, a lanƙwasa su a ɗaure su tsaya kamar hular sarauta. Muka zaga manyan kantuna uku, ko'ina nama a daddatse yake cikin leda. Ganin ransa ya ɓaci sai na ce na san wani shago a Bin Omran. Na riga shi shiga, na ja Sani gefe na ce masa kada ya nuna ni yayansa ne. Ya dube ni, ya goge hannunsa a gaban rigarsa, ya ce to.

Likita ya zana abin da yake so a bayan wata takarda. Sani ya duba sau ɗaya, ya shiga ɗakin sanyi ya fito da ɓarin rago. Likita ya nuna wani da yake rataye ya ce wancan ya fi kyau. Sani ya girgiza kai, ya danna kitsen da babban yatsa, ya haɗa ɗan Turancinsa da ɗan Larabcinsa ya ce wancan hatsi aka ɗura masa, bai taɓa cin ciyawa ba, wannan kuwa ya yi kiwo kuma bai cika shekara ba. Likita, wanda ya ƙare rayuwarsa a cikin dabbobi, ya duba ƙashin, ya ajiye takardarsa. Ya tsaya yana kallon barhon Sani yana bin gaɓa ba tare da ya taɓa ƙashi ba, irin kallon da bai taɓa yi wa tuƙina ba a shekara goma sha ɗaya. A hanyar komawa ya ce:

"Ɗan'uwanka ne, ko? Yadda kuke karkatar da kai in kuna sauraro iri ɗaya ne."

Na ce ƙanena ne. Ya tambaye ni me ya hana ni faɗa tuntuni, na mai da idona kan titi. Sai ya ce a garinsu mahauci yana cikin manyan gari, da shi ake shawara. Ɗan baffansa ne mai shagon da ya rage a layin mahauta, sunan gidansu yana saman ƙofar tun kakan kakansa. Ya tsufa, 'ya'yansa sun ƙi wuƙa sun tafi birni, ya nemi mai hannu ya rasa, yana shirin rufewa. Yana magana ina jin kamar ana zuba min ruwan zafi a baya. Abin da na gudu na bari, na ɓoye kamar kuturta, shi ne ake nema a garina.

Sani ba ya jin Turanci sosai a lokacin, saboda haka ni na yi tafinta. Sau uku muna zama a falon Likita, tsohon mai shagon yana kan waya muna ganin fuskarsa. A zama na biyu Sani, wanda tun farko kansa yake ƙasa, ya ɗago ya ce da ni:

"Yaya, gaya musu ni ba na taɓa alade. Wuƙata ba za ta kwana kusa da tasa ba, katakona ba zai zama nasa ba. Kuma ba zan sayar da abin da ba a yanka da sunan Allah ba. In bai yi musu ba, a bar shi."

Na faɗa musu yadda ya faɗa, ban rage ko kalma ba, kuma ba don gaskiya ba. Fata nake su ƙi. Tsohon bai ko yi jinkiri ba. Ya ce akwai ɗaki a bayan shagon mai ƙofarsa daban da firjinsa daban, kuma Musulmin da suke aiki a asibitocin yankin tafiya mai nisa suke yi neman naman halal. Sani zai riƙe wannan ɓangaren, rago da sa kawai, kuma a mayankar da Musulmi suke yanka za a riƙa yanka masa. Ni na juya wa Sani wannan da Hausa. Ku riƙe wannan da kyau: in ban da Turawan nan biyu, ni kaɗai ne shaida.

Bayan an gama na samu Likita shi kaɗai, na tuna masa maganar da ya yi min a danja. Bai ma tuna ba. Da ya gane abin da nake nufi sai fuskarsa ta yi ja. Ya ce takardar zama ana ba wa mai sana'ar da suka rasa ne, direbobi kuwa suna da su, kuma garin in ka taka da ƙafa kafin shayinka ya huce ka ƙure shi. Ya ce ziyara yake nufi, kuma har yanzu ƙofa a buɗe take. Na kusa ce masa ni ma na iya fiɗa, Baba ya koya min. Amma hannuna ya manta, kuma ni da bakina na ce ɗan falke ne ni. Na ce masa ba komai, na je na tayar da mota.

Takardu suka ɗauki wata tara. Ni na kai Sani filin jirgi. A hanya ya ce yana jin tsoro, in ya sauka daga bas bai san inda zai nufa ba. Na ce ya bar agogo a bayansa, ya bi gefen majami'a, lungu na biyu a hagu, zai ga kwatami a tsakiya. Ya maimaita sau biyu, ya yi min godiya. Na ba shi rigar sanyin nan, na ce wani ne ya bar ta a mota.

Da ya isa sai saƙonnin murya suka fara shigowa, kusan kullum. Don ya faranta min yake yi, na sani. Amma kowane saƙo sai ya gyara min wani abu. Ya ce kogin ai bai kai yadda nake faɗa ba, da rani mutum zai iya tsallake shi da wando a naɗe. Gidan waya an rufe, an koma sayar da kofi a ciki. Ƙararrawar kasuwa ba babba ba ce a rataye, ta hannu ce, wata tsohuwa ce take kaɗa ta, kuma har ta ba shi ya riƙe. Tashar jirgin ƙasa gidaje ce yanzu. Da kaɗan da kaɗan ya kwashe garin da na gina a hanyar Shahaniya, ya sa nasa a wurin. Likita ya tafi, kafil, wato Balaraben da takardun zamana suke hannunsa, ya mai da ni gidan wasu mutane da ba sa magana da direba sai yalla da khalas, wato mu je da shi ke nan. A ɗaki Malam Isa ya daina kirana Hakimi, kuma wannan tausayin nasa ya fi min tsokanar ciwo.

A cikin wannan hali na je gida hutu. Inna tana zaune a tabarma a ƙofar ɗakinta, yayarmu Asabe tana tsince mata shinkafa. Tun da na zauna babu maganar da ake yi sai ta Sani. Sani ya aiko da bargo, Sani ya ce Turawa layi suke yi a gaban rumfarsa, Sani ne ya riƙe sunan ubansa. Can Inna ta rage murya ta ce akwai abin da yake damunta, tunda ni na san mutanen. Wane irin nama ake yankawa a shagon nan? Na san amsar. Kalma biyar ta isa. Sai na ji bakina yana cewa:

"Inna, garin Nasara ne. Me kike tsammani suna ci?"

Ta ce ba abin da suke ci ta tambaya ba, abin da ɗanta yake taɓawa ta tambaya. Na fito da waya na nuna mata hoton gaban shagon, wanda Sani da kansa ya turo min. A bayan gilashi akwai cinyoyin alade a rataye, shi kuma yana tsaye a bakin ƙofa da farar riga, yana murmushi kusa da tsohon. Na sa yatsa na nuna mata, na gaya mata sunan abin. Ban nuna mata hoton da yake biye da shi ba, na ƙofar baya, inda aka rubuta halal da Larabci. Inna ta daɗe tana kallo. Yaya Asabe ta ajiye faranti ta yi salati.

Inna ba ta yi masa baki ba. Ta ce ba za ta tsine wa abin da ta haifa ba, amma ba za ta sa albarka a hannun da yake cikin ƙazanta ba sai ya bari. Duk abin da ya aiko, bargo ne ko magani, sai ta ce a kai wa mabuƙata. In ya kira ta amsa gaisuwa ta miƙa wa Asabe wayar. Ya yi rantsuwa, ya turo hotuna, ta ce hoto ai ana ɗaukar inda ake so. Daga ƙarshe ya ce mata ta tambaye ni, ni na yi tafinta. Na riga na dawo Doha. Ta kira ni wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ta ce in gaya mata tsakani da Allah. Allah ya ba ni ƙofa ta biyu, na tsaya a bakinta na ce:

"Abin da aka faɗa a gabana na sani, Inna. Abin da ake yi a can, Allah ne masani."

Ko a lokacin na gaya wa kaina ban yi ƙarya ba. Na ce in na koma hutu na gaba zan gyara, in zaunar da ita in yi mata bayani a tsanake, ta ɗan huce tukuna, shi ma ya ɗan ɗanɗana. Wannan kalmar ce a raina, ya ɗan ɗanɗana. Kafin hutu na gaba Inna ta kwanta ciwon kwana huɗu ta rasu. Sani bai samu jana'iza ba. Da ya zo daga baya ya tarar maganar ta riga shi shiga gari, har wasu daga cikin mahautan da suka yi aiki da Baba suna ba shi hannu da yatsu biyu.

Shekara goma sha huɗu ya yi bayan haka. Ya ɗauke Rakiya da ku 'ya'yansa, ya koyi Turanci, tsohon ya sa aka rubuta sunansa a ƙarƙashin sunan gidansu a saman ƙofar baya. Suna da wata al'ada, kafin Kirsimeti manoma sukan kawo dabbobin da suka turke a gwada wadda ta fi, mahauta su saye ta farko su rataye ƙyallen yabonta a taga. Shekara da shekara wadda Sani ya nuna tun kafin a fara ita take cinyewa, har manoman suka gaji suka ce ya shigo cikin masu yanke hukunci. Ya turo min hotonsa a tsakiyar fili da hular gora, hannunsa a gadon bayan wani bijimi. Na rubuta masa Masha Allah, na goge hoton. Duk shekara yana cewa in zo, zai aiko da takardar gayyata, in ce kafil ba zai bari ba. Ban taɓa tambayar kafil ba. Ba zan iya shiga garin nan a matsayin baƙon Sani ba, ya riƙa nuna min gada.

Bayan jana'iza Rakiya ta turo min bidiyon da wata maƙwabciyarsu ta ɗauka. Da za a wuce da shi zuwa maƙabartar Musulmi a birnin da yake kusa, sai da aka bi da motar ta tsakiyar gari a hankali. Masu shaguna duk sun fito sun tsaya a ƙofofinsu, maza sun cire hula, manoma sun jeru a kan gada da takalman roba. Na kalla a zaune a kan gadona na ƙasa a Najma, na yi kuka. Zan so in ce muku kukan rashin ɗan'uwa ne kawai. Amma a cikinsa akwai tambayar da na yi wa kaina, in ni ne na faɗi a bakin titin nan, wa zai fito ya tsaya? Mutumin yana cikin likkafani ina ƙyashin abin da ya samu. Na rubuta wannan ne don ku san abin ba ya mutuwa da kansa.

Ranar sadakar uku na kira gida. Yaya Asabe, wadda yanzu idonta ya tafi, ta karɓi gaisuwata, ta yi masa addu'a, sannan ta ƙara da cewa Allah ya yafe masa abin da ya sa hannunsa a ciki, albarkacin Inna. Akwai mutane a ɗakin, na ji sun ce amin. Ni ma na ce amin.

Bayan arba'in na kira Rakiya. Na yi ta kewaye, sannan na tambaye ta ko Sani ya taɓa gano wanda ya kai wa Inna maganar. Ta ce tun makon farko ya sani, Inna da kanta ta ce masa yayanka ya nuna min da idona. Na ce to me ya hana shi yi min magana duk shekarun nan? Ta ce ita ma ta sha tambayarsa, har faɗa sun yi a kai.

"Cewa yake yi, Yaya ne ya kawo ni Doha, shi ya nuna min hanyar shagon. In na tuhume shi zai kare kansa, in ya kare kansa ba zai iya dawowa ba. A bar shi ya zo da ƙafarsa."

Ta ce ba ta gaya min don ta yafe ba, ba ta kai nan ba tukuna. Na ce ta yi daidai.

To kun ji. Ku 'ya'yan Sani, mahaifinku bai taɓa alade ba, ko da bakin wuƙa. Sharaɗin da ya kafa a gabana ya kafa shi, kuma a kansa ya mutu. Duk wanda ya faɗa muku wani abu daban a Ɗambatta, ku nuna masa wannan, da sunana, Lawal. Amma takarda ba za ta isa ba. Yaya Asabe ba ta gani, kuma ko an karanta mata ba za ta yarda ba sai ta ji daga bakin da ta ji ta farko. Ita ake saurare a gidanmu yanzu, in ta faɗa unguwa ta ji. Sau biyu ina kiranta da wannan niyyar. Mun gaisa, na tambaye ta ƙafa, ta tambaye ni zafi, muka yi sallama. Har yau ban gaya mata ba.